Tarihin Gwagwarmaya da Ƙura a Duniyar Mars

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi hunturu a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san hazo. Ƙura ce mai laushi wadda iska kan kwaso daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Manufar wannan takarda ita ce a bi tarihin yadda irin wannan ƙura ta zame wa masana ƙarfen ƙafa a duniyar Mars, da yadda suka fara shawo kanta.

2.0 Ɓarnar Ƙura

A watan Nuwamba 1971 kumbon Amurka mai suna Mariner 9 ya isa Mars, ya tarar guguwar ƙura ta lulluɓe duniyar baki ɗaya, sai da ya jira har Janairu 1972 kafin ya sami hotuna na kirki. Motar bincike Opportunity, wadda ta sauka a 2004, ta yi shiru a watan Yuni 2018 bayan da guguwa ta tare mata hasken rana. Haka kuma na'urar InSight ta daina aiki a Disamba 2022, domin ƙura ta rufe faifayen da take samun lantarki da su.

3.0 Tacewa Domin Samar da Iskar Shaƙa

Kimanin kashi 95 cikin ɗari na iskar Mars kabon-dayokzayid ce. A Fabrairu 2021 motar Perseverance ta sauka ɗauke da na'urar MOXIE, wadda ke zuƙar wannan iska ta cikin mataci, ta matse ta, ta dafa ta a zafin digiri 800, sannan ta ware oksijin. Ranar 20 ga Afrilu 2021 ta samar da giram 5.4. Zuwa Agusta 2023, bayan gwaji 16, jimilla ta kai giram 122.

Wahalar matacin a fili take. Ƙarfin iskar Mars bai kai kashi 1 cikin ɗari na tamu ba. In mataci ya toshe, iska ba ta shiga; in ya yi sako-sako, ƙura ta lalata na'ura.

4.0 Kammalawa

Hukumar NASA ta ƙiyasta cewa tayar da mutum huɗu daga Mars zai ci oksijin tan 25. Tsakanin giram 122 da wannan adadi akwai jan aiki, kuma mataci ne ƙofarsa. Mutanen Ƙanƙara ba baƙin wannan darasi ba ne: farar ƙasarsu ba ta amfanar masana'anta sai an raba ta da yashi tukuna.