Fulawa a Cikin Ɗanwake: Ilimin Abinci da Walwalar Yara Masu Cutar Siliyak a Suleja

Tsakure

Wannan maƙala ta duba irin ilimin abinci da ya dace da iyalan yara masu cutar siliyak a Suleja, jihar Neja. An bi rubuce-rubucen likitoci, aka kuma bi abincin yau da kullum na garin tun daga wurin awo har zuwa kwano. An gano cewa galibin abincin gado ba shi da gulutin, kuma haɗarin ya fi yawa a inda fulawa ta kutsa cikin tsoffin girke-girke da kuma wurin niƙa. Maƙalar tana ganin koyarwar da ta tsaya kan uwa ita kaɗai, da jerin abin da aka hana, ba za ta kare hanjin yaro ba, balle ta sama masa walwala a cikin tsaransa.

1.0 Gabatarwa

Siliyak cuta ce da garkuwar jiki take yi wa mai ita ɓarna idan ya ci gulutin, wani furotin da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rayi. Ɓarnar tana sauka ne a kan ƙananan tsirrai masu kama da gashi da suka lulluɓe bangon ƙaramin hanji, waɗanda su ne ke tsotse amfanin abinci. Idan suka shafe, yaro zai ci amma jiki ba zai gani ba. Sai gudawa mai tafiya tana dawowa, da kumburin ciki, da rama, da ƙarancin jinin da ba ya jin magani, da tsumburewa. A gidajenmu waɗannan alamu suna da sunaye tun tuni: a ce haƙori ne, ko shawara, ko tsutsar ciki, ko a ɗora wa yaye. Maganin cutar ɗaya ne da aka tabbatar, wato barin gulutin har ƙarshen rayuwa. Ke nan ilimin abinci shi ne jinyar kanta.

An zaɓi Suleja ne saboda matsayinta. Tsohon garin Hausawan Zazzau ne da Abu Ja ya kafa a 1828 cikin ƙasar Gwari da Koro, daga baya garin ya bar wa sabon babban birnin tarayya sunansa na Abuja. A yau ɗimbin mazaunanta sammako suke yi zuwa aiki a Abuja, kuma gidan da uwa da uba suke fita da asuba ba ya jiran a dama koko. Teburin mai shayi da ledar Indomie sun karɓi karin kumallo.

2.0 Bitar ayyukan da suka gabata

Samuel Gee ya bayyana cutar a Landan a 1888. Likitan yara ɗan Holand, Willem Dicke, shi ya danganta ta da alkama, ya kuma lura yaran da yake dubawa sun murmure a lokacin da burodi ya yanke a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, suka koma ciwo da burodin ya dawo. Ya gabatar da kundinsa a 1950. A 1997 Dieterich da abokan aikinsa suka gano sinadarin da garkuwar jiki take kai wa hari, abin da ya haifar da gwajin jinin da ake amfani da shi a yanzu. Nazarin Singh da abokansa na 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 1.4 cikin ɗari na mutanen duniya gwajin jini yana nuna cutar a jikinsu, kashi 0.7 kuma an tabbatar musu ta hanyar duba naman hanji. Babu mai jayayya a kan wannan.

Jayayyar tana tare da masu cewa siliyak ciwon Turawa ne, bai shafi baƙar fata ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce aikin Cataldo da abokansa na 2002 a Burkina Faso, inda aka gwada jinin mutum 600 ba a samu mai cutar ba. Aiki ne mai daraja, amma an ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Ƙabilar Mosi aka gwada, kuma rashin samun cuta a cikin mutum 600 bai kore ta daga al'ummar da ta kai miliyoyi ba, balle daga wata al'umma daban. Cutar tana buƙatar abu biyu su haɗu, ƙwayoyin gado da ake kira DQ2 ko DQ8, da kuma cin alkama. Yawan masu ɗauke da waɗannan ƙwayoyi ya bambanta daga jama'a zuwa jama'a, kuma ƙasar Hausa ta yi ƙarnuka tana cuɗanya da auratayya da Larabawa da Buzaye da Fulani da Barebari ta hanyoyin fataucin Sahara. Wanda ya ɗauki sakamakon Mosi ya shimfiɗa a kan Kano ko Suleja ya tsallake wannan tarihi.

Kuma ga abin da masu wannan ra'ayi ba su cika ambata ba. A 1999 Catassi da abokansa suka wallafa a mujallar Lancet cewa kashi 5.6 cikin ɗari na yaran Saharawi da suka gwada suna da cutar, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. 'Yan Afirka ne, kuma burodin alkama ya zame musu babban abinci a sansanonin gudun hijira da ke kudu maso yammacin Aljeriya. A Sudan an ba da rahoton cutar a jikin yara tun shekarun 1970. Ita kuwa Nijeriya, Andrae da Beckman sun nuna tun 1985 yadda ta faɗa tarkon dogaro da alkamar waje. An hana shigo da ita a 1987, aka ɗage hanin a 1992, kuma a yau ƙasar tana shigo da miliyoyin tan a kowace shekara. Yaron Suleja na yau yana cin alkamar da kakansa bai taɓa ci ba.

3.0 Dabarun bincike

An karanta ayyukan da aka ambata da ƙa'idojin ƙungiyar likitocin hanjin yara ta Turai na 2012 da 2020. Daga nan aka jera abincin da yara suka saba ci a gida da makaranta da kasuwannin IBB da Madalla, aka bi kowanne ta kayan haɗinsa da hannuwan da yake ratsawa kafin ya isa bakin yaro.

4.0 Sakamako da tattaunawa

Abincin ya rabu gida uku. Na farko shi ne wanda alkamarsa a bayyane take: burodi, gurasa, taliya, fanke, cincin, funkaso, alkaki, dubulan, biskit, Indomie da Semovita. Wannan ba shi da wahalar koyarwa, sai dai a ja kunne game da Semovita, domin iyaye da yawa tuwo kawai suke ɗaukarta, ba su san alkama ce ba. Na biyu shi ne wanda asalinsa ba shi da gulutin: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, tamba, doya, rogo, dankali, gwaza, wake da gyaɗa, da abin da ake yi da su kamar tuwo, fura, koko, kunun gyaɗa, ƙosai, alale da sakwara. A nan Suleja ta fi biranen Turai sa'a, inda iyaye suke sayen burodi na musamman da tsada. Ƙasar doya ce da dawa, kuma tukunyar gado ta riga ta dace da mai cutar.

Rukuni na uku shi ne abin da wannan bincike ya fi damuwa da shi: abincin da sunansa na gado ne amma fulawa ta shige shi. Ɗanwake shi ne babban misali. Asalinsa garin wake ne da na rogo ko dawa, da kuka da kanwa. A yau da yawa daga masu sayarwa da fulawa suke kwaɓa shi, wasu ma babu wake ko ƙwara ɗaya, amma sunan bai canza ba. Uwar da aka ce mata a asibiti ta hana yaro burodi da taliya za ta saya masa ɗanwake da zuciya ɗaya, tana ganin wake ta ba shi. Haka waina da sinasir, akwai masu ƙara fulawa ko Semovita a ƙullu don ya yi auki ko ya yi laushi. Akwai masu haɗa garin tuwon masara da fulawa don ya yi danƙo. Wasu dunƙulen kayan ɗanɗano ma suna ɗauke da alkama.

Sai injin niƙa, wanda a ganin mai wannan bincike ya fi komai haɗari. Lissafin ba shi da wuya. Ma'aunin hukumar Codex ya ce abinci ba zai amsa sunan marar gulutin ba sai idan abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Fulawa kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma nata gulutin ne. Ke nan giram ɗaya na garin alkama ya isa ya kai kilo 5 na garin masara, wato mudu uku zuwa huɗu, bakin wannan iyaka. Gwajin da Catassi da abokansa suka wallafa a 2007 ya nuna miligiram 50 a kullum na tsawon kwana 90 yana taɓa bangon hanji, kuma wannan bai wuce rabin giram na fulawa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin niƙa ya san ragowar niƙan baya da ke fitowa a farkon na gaba ya ninka haka. Tun da tuwon alkama ya samu karɓuwa a wurin masu ciwon suga, niƙan alkama a injin unguwa ya zama ruwan dare, kuma mai inji ba ya kwance bakin injinsa ya wanke tsakanin kwano da kwano. Haka abin yake ga kaskon da aka soya fanke sannan aka zuba ƙosai a mai ɗaya, da rariya da muciya da turmin da gidan haya ko gidan gandu yake tarayya a kansu.

Wannan ya nuna gurguncewar koyarwar da aka ɗauko daga ƙasashen waje, wadda ginshiƙinta karanta rubutun jikin leda ne. Wainar maƙwabciya ba ta da leda. Abin da ya kamata a koyar shi ne tambayar da za a yi wa mai sayarwa, da yadda za a fara niƙa 'yar masara a ware ta ga sauran mutanen gida kafin a zuba ta yaro, ko ma a samu injin da ba a kai masa alkama, da keɓe masa rariya da muciya da man suya. Kuma ba uwa kaɗai za a koya wa ba. Uba ne ke cefane, abokiyar zama tana karɓar girki a kwananta, kaka kuwa ita ce mai ajiye wa jika biskit a ɗaki, ba ta kuma ganin illar loma ɗaya.

Batun walwala ma daga nan yake tasowa. Ma'aunin CDDUX da van Doorn da abokansa suka fitar a Holand a 2008 yana da tambayoyi 12 kan yadda yaro yake ji game da cutar, da abincinsa, da yin maganar cutar ga mutane. Amfaninsa shi ne ya tambayi yaron da kansa. Amma an gina shi ne a inda kowa yake da farantinsa. A Suleja yara kwano ɗaya suke haɗawa, kuma raba wa yaro kwano yana iya sa a zaci cuta ce mai yaɗuwa. Ƙin karɓar abinci daga hannun babba rashin kunya ne. Kuɗin tara a makaranta kan fanke da biskit suke ƙarewa, yawon Sallah kuwa cincin ne a kowane gida. Hanya mafi sauƙi ita ce gidan duka ya koma tuwon dare marar alkama, yaro ya ci gaba da sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwansa. A lokacin biki a tuna nakiya da shinkafa ake yin ta, ba ta buƙatar a sauya mata komai.

Akwai gargaɗi ga ma'aikatan lafiya. Abincin gyaɗa da ake ba yara masu tamowa haɗin gyaɗa ne da madara da suga da mai, babu alkama. Yaro mai siliyak zai iya farfaɗowa a kansa, a sallame shi, ya koma shayi da burodi, ya sake ramewa. Irin wannan yaro ya cancanci gwajin jini, kuma a yi gwajin kafin a janye alkama, domin janyewar tana ɓoye alamar cutar a jini.

5.0 Iyakokin bincike

Za a ce ba a gwada jinin kowane yaro ba, ba a kuma kai garin inji ɗakin gwaji ba. Gaskiya ne, don haka maƙalar ba ta faɗi yawan masu cutar a Suleja ba. Haka kuma lalacewar hanji da ƙazantar muhalli take haifarwa tana kama da siliyak, kuma ta fi ta yawa a wurare irin namu, saboda haka ba kowace rama za a ɗora wa alkama ba. Aikin da ya fi gaggawa, kuma mafi araha, shi ne a ɗebi samfurin gari daga injunan unguwanni bayan niƙan alkama, da samfurin ɗanwake da waina daga hannun masu sayarwa, a auna gulutin ɗin da ke cikinsu a kan ma'aunin miligiram 20.