Shekarun Zamfara Nawa?

Tambayi ɗan firamare a Dareta ko Bukkuyum yaushe aka kafa Zamfara, zai ce maka 1 ga Oktoba, 1996, ranar da Janar Sani Abacha ya cire ta daga Jihar Sakkwato. Jihar yake nufi. Ƙasar da Sarkin Zamfaran Anka ya gaji sarautarta kuwa ta girme wannan rana nesa ba kusa ba.

In aka bi sawu baya, da farko hanya a share take. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa'azi a ƙasar Zamfara a shekarun 1780. Kafin nan, wajen 1760, Gobirawa ƙarƙashin sarkinsu Babari suka ci Birnin Zamfara, suka kafa birnin Alƙalawa. Sarakunan Zamfarawa suka yi ta ƙaura har suka yada zango a Anka. Ko wannan yaƙi ma marubuta ba su haɗu kan shekara guda ba.

In aka ƙara komawa baya, shaida mai ƙarfi daga waje ita ce ta Leo Africanus, wanda ya ambaci Zamfara a littafinsa da ya kammala a 1526, aka buga a 1550. Ke nan a lokacin ƙasa ce sananniya.

Daga nan sai abin da aka ji daga bakin kakanni: Dutsi ce mazaunin farko, Dakka ne sarkin farko. Sarauniya 'Yargoje ana rubuta mata 1310 zuwa 1350. Ina aka samo waɗannan alƙaluma? Lissafi ne: a ɗauki jerin sarakuna, irin wanda Bajamushe Kurt Krieger ya nazarta a littafinsa na 1959, a tara shekarun kowane sarki, a koma baya. To, maroƙin fada jeri yake hardacewa, ba kalanda ba. Sarkin da aka tuɓe da wuri yakan faɗi daga jerin, wa da ƙane su zama uba da ɗa, mulkin da ya daɗe kuma a ce arba'in kawai. Kuskuren shekara biyar-biyar kan sarki ashirin ya ci ƙarni guda.

Jerin ba abin yarwa ba ne, yana nuna wa ya gabaci wa. Amma kafin masu haƙa kayan tarihi su auna abin da ke ƙarƙashin kufan Dutsi da Birnin Zamfara, malamin da zai rubuta wa yara shekarar da ta riga 1500 ya sa mata "wajen" a gaba.