Kuɗin Mota da Kuɗin Kati: Tallafin Dimokuraɗiyya a Ƙofar Marusa

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a Najeriya, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Hakan ya biyo bayan shekaru fiye da ashirin ana shigo da tallafi daga Tarayyar Turai da hukumar USAID ta Amurka da gidauniyoyi irin su MacArthur, domin a jawo talaka cikin harkar mulki. Ba adalci ba ne a ɗora wa masu tallafi laifin wannan ƙauracewa. Rashin tsaro da yunwa da gajiya da alƙawuran 'yan siyasa sun fi nauyi. Abin da nake son dubawa shi ne hannun da kuɗin ke faɗawa, da ɗabi'ar da suke shukawa.

A unguwa irin Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina, ƙungiyoyin da jama'a ke shiga don raɗin kansu ba ɓoyayyu ba ne: kwamitin masallaci, 'yan sintiri, matan adashe, samarin da ke yashe kwata kafin faɗuwar damina. Suna zaɓen shugaba da ma'aji, suna karɓar kuɗin wata, kuma wanda ya ci amana ba ya kwana kan kujera. Sai dai da wuya a sami wadda za ta cika sharuɗɗan mai tallafi: rajista da hukumar CAC, takardar SCUML ta hukumar EFCC, asusun banki da sunan ƙungiya, rahoton binciken kuɗi, da takardar neman tallafi cikin wani irin Turanci da sai ɗan gida ke iyawa. Don haka kuɗin kan sauka a wata babbar ƙungiya a Abuja, ta yanko wa wata a jiha, ita kuma ta shirya taron bita.

Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan taro ya san fasalinsa. An roƙi mai unguwa ya kawo mutum ashirin, rabi mata. An kama zaure a otal, an rataya ƙyalle mai tambarin masu tallafi, an yi hoto a gabansa. Takardar sa hannu na zagayawa, kowa na sauraron lokacin kwalin abinci da ambulan ɗin kuɗin mota. Laccar tana iya yin kyau ƙwarai, amma darasin da ya fi zama a zuciya shi ne cewa fitowa sha'anin jama'a abu ne da ake biyan mutum a kai. Ɗan takarar da ke raba taliya da atamfa ana jajibirin zaɓe a kan wannan darasin yake gini.

Tarihin Arewa ya san wata hanyar. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, teloli da 'yan koli da ƙananan 'yan kasuwa ne suka riƙe ta. Su ke sayen katin jam'iyya, su ke karo-karo idan En'e ta ɗaure ɗayansu. Kada a ƙawata labarin fiye da kima, domin NEPU ma ta ci gajiyar ƙawancenta da jam'iyyar NCNC. Amma wanda ya fitar da sulensa ya sayi kati yana da bakin tambayar ma'aji, abin da mai karɓar ambulan ba shi da shi.

Wannan ba ya nufin tallafi bai taɓa amfani ba. Fafutikar da ta kai ga rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25 a 2018 ƙungiyoyi masu samun tallafi ne suka ja ta. Nasara ce ta zaurukan majalisa, inda ƙwararru suka fi tasiri. Aikin unguwa daban ne, kuma rufe USAID a 2025 ya nuna yadda shirin da ba shi da jari a gida ke tsayawa cak ranar da aka katse kuɗi.

Tsarin da ya fi kusa da daidai, a ganina, shi ne na tsohon shirin CSDP na Bankin Duniya: al'umma ta zaɓi aikinta, ta kafa kwamiti, ta sa wani ɗan kaso da kuɗi ko da ƙarfin jiki, sannan tallafi ya biyo baya. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauko makamancin wannan da shirin raya al'umma a mazaɓu 361 na jihar. Haɗarinsa a fili yake: kwamitin da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa zai yi wuya ya tuhumi gwamnati. A nan ne tallafin waje ke da gurbi, in zai yarda ya ƙanƙance. A ninka wa ƙungiyar unguwa abin da 'ya'yanta suka tara, a koya wa ma'ajinta riƙe littafi, a karɓi rahotonta da Hausa. A nuna mata yadda ake neman bayani ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, tambayar nawa ƙaramar hukumar Katsina ta karɓa a wata, da inda aka kashe shi, ta zama tambayar da kansila ba zai iya turawa gidan gwamnati cikin sauƙi ba.