Yadda Aka Sami Takardar PDF

A zamanin tafireta, abin da akawu ya buga shi mai karatu zai gani, ko a wane gari wasiƙa ta sauka. Da kwamfuta ta shiga ofisoshi sai al'amari ya rikice, domin kowace iri da nata tsari: ta kamfanin Apple daban, mai aiki da Windows daban. Mutum ya shirya rubutunsa tsaf ya aika, can kuwa a buɗe a tarar layuka sun goce, shafi goma ya zama sha ɗaya.

Cikin 1982 waɗansu mutum biyu a Amurka, John Warnock da Charles Geschke, suka bar aikin kamfanin Xerox suka kafa nasu, suka sa masa suna Adobe. Cikin 1984 suka fitar da PostScript, watau wani harshe da kwamfuta ke gaya wa injin ɗab'i inda kowane baƙi zai zauna a shafi. Masu ɗab'i suka karɓe shi hannu bibbiyu. Amma domin inji aka yi shi, mai son karantawa a fuskar kwamfuta kuwa sai ya sha jira.

Warnock bai daina tunani ba, har cikin 1993 kamfaninsa ya fito da PDF. Dabarar ita ce takarda ta tafi da guzurinta, watau girman shafi, da hotuna, da siffofin baƙaƙen da aka rubuta ta da su, don kada ta roƙi kome a masauki. Wannan ya yi wa Hausa rana ƙwarai, gama ƙ da ɗ da ɓ sukan koma 'yan akwatuna a na'urar da ba ta san su ba.

Da fari jama'a ba su kula ba, saboda manhajar karanta ta ma sai an biya dala 50. Da aka mai da ita kyauta cikin 1994 sai kasuwa ta buɗe. Cikin 2008 Adobe ya miƙa ƙa'idodin PDF ga hukumar ma'aunai ta duniya, ISO.

Sai dai mai da rubutun Word ya zama PDF abu ne mai sauƙi, komo da shi ne aiki, domin PDF wurin zaman baƙi ta sani, sau da yawa ba ta san inda sakin layi ya ƙare ba. Shi ya sa akawu mai lura ya kan ajiye asalin rubutunsa a Word saboda gyara, ya aika PDF ga wanda zai karanta ko ya buga.