Koyarwa da Darasin Murya a Salula: Jagora ga Malaman Matameye da Kewaye

Gabatarwa

Malam, idan kana koyarwa a makarantar firamare ko a cibiyar yaƙi da jahilci a Matameye, Kance, Dungu, Yawuri, Tsauni ko Ɗan Barto, ka san matsalolin aji ba sai an faɗa maka ba. Ɗalibai sun yi yawa, littattafai sun yi kaɗan, wasu azuzuwan na zana ne, ba a kafa su sai an gama girbi. Akwai kuma yaran da kan ɓace wata da watanni domin sun bi iyayensu mata ci-rani, wasu har ƙasar Aljeriya, su dawo darasi ya yi musu nisa. Wannan shafi yana bayani ne a kan hanya guda mai sauƙin kuɗi da za ta rage maka wani ɓangare na wannan nauyi, wato darasin murya da ake ɗauka a salula, a saurara a cikin aji ko a gida. Duk abin da aka faɗa a nan ya shafi malam da malama baki ɗaya.

Mene ne fodkas?

Fodkas shiri ne na murya, kamar shirin rediyo, wanda ake ajiyewa a intanet kashi-kashi, mai so ya sauke shi a wayarsa ya saurara lokacin da ya ga dama. Kalmar ta fito a shekarar 2004 a jaridar The Guardian ta Ingila, inda aka haɗa sunan na'urar sauraron kiɗa ta iPod da kalmar Ingilishi mai nufin watsa shiri. A 2005 kamfanin Apple ya shigar da irin waɗannan shirye-shirye cikin manhajarsa ta iTunes, daga nan suka bazu a duniya.

Bambancinsa da rediyo shi ne abin da ya shafi malami. Shirin rediyo yana da lokacinsa, in ya wuce ya wuce. Shi kuwa fodkas yana hannunka: kana iya tsayar da shi, ka mayar da shi baya, ka sake sa shi gobe saboda wanda bai zo yau ba. Haka kuma ba dole sai da intanet ba. Da zarar shirin ya shiga waya ɗaya, ana iya tura shi zuwa wata ta Bluetooth ko ta katin memori ba tare da an kashe ko dala ba.

Abin da aka riga aka gwada

Koyarwa da na'ura ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari kan taru su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a mayar gidan rediyo. A 1964 aka soma talabijin ɗin makaranta a Yamai da taimakon Faransa, aka ci gaba da shi har ƙarshen shekarun 1970. Ya yi suna ƙwarai a ƙasashen waje, amma tsadar kayan aiki da wahalar gyaransu sun hana shi isa ga mafi yawan makarantun ƙasa.

A ƙasar Nikaragwa kuwa, a 1974, masana daga jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da wata dabara ta koyar da lissafi ta rediyo. Mai magana a rediyo yakan yi tambaya, ya yi shiru na ɗan lokaci, yara su amsa da baki ko su rubuta, sannan ya faɗi amsar daidai. Malamin aji yana tsaye yana lura da su. Daga baya aka ɗauki wannan dabara zuwa Kenya da wasu ƙasashe da dama, kuma ita ce tushen shawarwarin da ke ƙasa.

Gwajin da ya fi kusa da mu shi ne shirin ABC, wato koyon karatu da taimakon salula. Ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da shi a 2009 da 2010 a jihohin Doso da Damagaram, tare da masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jenny Aker ta jami'ar Tufts. An bi sawun ƙauyuka 113. Dukansu an yi musu darasin yaƙi da jahilci iri ɗaya cikin Hausa ko Zabarmanci, amma a kusan rabinsu an ƙara koya wa ɗalibai sarrafa salula mai sauƙi, aka ba kowane rukuni na mutum 5 waya guda. Da aka yi jarrabawa, ɗaliban ƙauyukan da aka ba waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Abin lura a nan shi ne wayar ƙari ce a kan darasin malami, kuma amfaninta shi ne ta ba ɗalibi dalilin taɓa haruffa da lambobi bayan an tashi daga aji.

A 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda annobar korona, daga watan Maris zuwa farkon Yuni a Nijar, an ga yadda yaron da ba shi da littafi a gida yake zama ba karatu ko kaɗan. Jihohin arewacin Najeriya kamar Kano da Kaduna sun koma ga darussa ta rediyo a wannan lokaci.

Inda darasin murya ya fi amfani

Gani ya kori ji, saboda haka kada ka ɗora wa murya aikin allo. Ga wuraren da ta fi dacewa:

1. Furuci. Yaro yana buƙatar jin bambancin baki da baƙi, kafa da ƙafa, daka da ɗaka kafin ya rubuta su daidai. Haka nan sautukan Faransanci da babu su a Hausa suna bukatar maimaici mai yawa.
2. Shifta. Idan murya tana karanto kalmomi, kai ka sami damar zagaya aji kana duba hannun kowane ɗalibi.
3. Lissafin ka, da haddar jadawalin ninkawa.
4. Tarihi da sana'o'in gari. Dattijo mai lambun rake a korama, ko ungozoma, ko maƙeri, ba za su iya zuwa kowane aji ba, amma muryarsu za ta iya.
5. Cike giɓi ga wanda ya yi fashi, da kuma matan aure da hidimar gida kan hana su zuwa cibiya kullum.

Koyarwa da harshen gida tana da tarihi a wannan jiha, domin a birnin Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. A 2025 kuma dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai kayan saurare na Hausa da aka tsara domin aji ba su da yawa, shi ya sa malami zai fi dogara ga wanda ya haɗa da kansa.

Kayan da kake buƙata

Salula mai ɗaukar murya, ko da ƙarama ce mai maɓallai. Katin memori. Ƙaramar lasifika mai caji, ko rediyon nan mai cin kati da ake sayarwa a kasuwa. Ƙaramin farantin hasken rana domin caji. Littafi guda na rajista.

Darasin minti 10 da aka ajiye a tsarin MP3 mai matsakaicin inganci bai wuce megabait 5 ba. Ke nan kati mai gigabait 1 zai ɗauki darussa kusan 200, fiye da abin da aji ɗaya yake buƙata a shekara. Idan makarantarku tana da kwamfuta, akwai manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ana yanke kuskure da ita a haɗa muryoyi. Idan babu, ka sake ɗauka kawai har ya fita daidai.

Yadda za ka haɗa darasi

1. Ka zaɓi manufa guda tak. Misali: ɗalibi ya rarrabe k da ƙ a ji da kuma a rubuce.
2. Ka rubuta duk abin da za ka faɗa kafin ka taɓa waya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jimloli su zama gajeru, misalai kuma daga abin da yara suka sani: rake, gero, amalanke, ranar kasuwa.
3. Ka sa wuraren shiru a cikin rubutun. Bayan kowace tambaya ka ƙirga biyar a zuci idan amsar ta baki ce, ka ƙirga ashirin idan ta rubutu ce.
4. Kada ya wuce minti 5 zuwa 7 ga ajin CI da CP, ko minti 10 zuwa 12 ga manyan azuzuwa da cibiyar manya.
5. Ka ɗauka da sassafe ko da dare, a ɗakin ƙasa mai tabarma da labule, domin ɗakin kwano da siminti yana amsa kuwwa. Wayar ta yi nisan taƙi ɗaya daga bakinka.
6. Idan da hali ku zama biyu, namiji da mace. Muryoyi biyu sun fi riƙe hankalin yaro.
7. Ka ba darasin suna mai tsari, kamar CP Karatu 07, ka rubuta shi a rajista da kwanan wata.
8. Ka ba wani malami ko mai ba da shawara kan koyarwa ya saurara kafin ka kai aji. Kuskuren da aka ɗauka a murya yakan yaɗu daga waya zuwa waya, janye shi kuwa da wuya.

Yadda za ka yi amfani da shi a aji

Kafin saurare, ka gwada lasifikar kana zaune a layin ƙarshe. Ka rubuta sababbin kalmomi a allo, ka ba ɗalibai tambaya ɗaya ko biyu da za su nemi amsarsu a cikin shirin. Yaron da bai san abin da yake nema ba, sauti kawai zai ji.

Lokacin saurare, kada ka zauna, kada kuma ka fita. Ka nuna harafi a allo sa'ad da murya ta ambace shi, ka tsayar da shirin idan ka ga fuskoki sun rikice, ka tabbata ƴan mata da na baya suna amsawa.

Bayan saurare, kowa ya yi wani aiki da hannunsa. Ga misali daga lissafi. Murya ta ce: manomi ya ɗaure rake dami 6, kowane dami sanda 12, ya sayar da dami 4; sanda nawa suka rage? Bayan yara sun sami 24, sai ka sa kowane rukuni ya ƙirƙiro irin wannan tambaya da albasa ko buhun gyaɗa, ka ɗauki muryar rukunin da ya fi kyau a sa wa aji washegari. Yaro ba ya manta darasin da ya ji muryarsa a ciki.

Shirye-shiryen da wasu suka haɗa

Sashen Hausa na Deutsche Welle ya soma shirin Ji Ka Ƙaru a 2008, mai wasannin kwaikwayo a kan lafiya, muhalli da zaman jama'a. Studio Kalangou da ke Yamai, wanda ya soma aiki a 2016, yana shirya labarai da tattaunawa cikin Hausa da wasu harsunan ƙasa. Irin waɗannan sun fi dacewa da ajin CM da cibiyoyin manya. Ka saurari shirin tun daga farko har ƙarshe kai kaɗai tukuna, ka zaɓi minti uku ko huɗu da suka dace da darasinka. Ka kuma lura da bambancin kalmomi, domin shirin da aka yi da Hausar Kano zai ce naira da firamare inda ɗalibanka suka saba da jaka da lakwal.

Abubuwan kiyayewa

Ka nemi izini kafin ka ɗauki muryar kowa. Idan yaro ne, izinin iyayensa ake nema, kuma kada a ambaci cikakken sunansa ko gidansu a cikin abin da za a tura waje.

Ka sanar da daraktan makaranta da kwamitin COGES tun farko. A cibiyar mata, ka yi wa maigari da mazajensu bayani, ka sa musu darasi ɗaya su ji da kunnensu. A zagayen cibiyoyi mun sha ganin an hana mace zuwa karatu saboda jita-jitar da bayanin rabin awa zai iya kashewa.

Katin darasi ya zama na darasi kaɗai, kada a haɗa shi da waƙoƙi da finafinai.

Kada ka ba da aikin gida da sai mai waya zai iya yi. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, kuma tana aljihun maigida. Ka tsara rukunin saurare na mutum biyar-biyar a unguwa, kamar yadda aka yi a shirin ABC.

Ƙurar hunturu da zafin bazara suna kashe kaya. Ka ajiye waya da lasifika cikin ƙyalle a akwati, kada ka bar batir a rana lokacin caji. Ka kwafi dukan darussa a kati na biyu, ka ajiye shi a wani gida dabam.

A rubuta sunan wanda kayan suke hannunsa, a kuma amince tun farko a kan inda kuɗin gyara zai fito. Shirye-shirye da yawa sun tsaya ne a ranar da batir na farko ya mutu.

Ko da yaushe ka shiga aji da shirin koyar da darasin da alli, ko da na'ura ta ƙi tashi.

Yadda za ka gane ko yana amfani

Kafin ka soma, ka yi wa aji shifta ta kalmomi 10 da tambayoyin lissafi 5, ka rubuta makin kowa, maza dabam mata dabam. Bayan mako shida ka sake yin irinta. Idan maki ya tashi, ka kai darussanka taron ƙara wa juna sani na malaman yankinku, ku raba aiki: wannan ya haɗa na karatu, wancan na lissafi, ku yi musaya ta Bluetooth. Idan bai tashi ba, ka duba tsawon darasin, da wuraren shiru, da aikin da ake yi bayan saurare, domin a nan matsalar ta fi ɓuya. Ka fara da darasi ɗaya a mako, ka ƙara sa'ad da hannunka ya faɗa.