Kasuwanci da Sana'o'i a Nassarawa da Kewayenta, Kano, a Zamanin Mulkin Mallaka

Nassarawa GRA unguwa ce a gabashin birnin Kano, wajen ganuwa, wadda Turawan mulki suka keɓe wa kansu bayan sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. A nan Razdan da manyan ma'aikatansa suka zauna, kusa da gidan shaƙatawa na Sarkin Kano. An tsara ta don zama, ba don ciniki ba, saboda haka ba a yi mata kasuwa ba. Cinta da suturarta da hidimarta duka daga unguwannin da ke kewaye da ita suke zuwa, kuma tarihin kasuwancinta tarihin wannan dogaro ne.

Tsarin gari

Kafin zuwan Turawa, Kurmi ce cibiyar cinikin Kano tun ƙarni na 15, Fagge kuma zangon ayarin raƙuma. Isowar layin dogo a 1911 ta jawo nauyin ciniki zuwa gabas, wajen tashar jirgin ƙasa. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da akawuna da masu sana'a daga Kudu, da Saliyo, da ƙasar da ake kira Gana a yau. Dokar garuruwa ta 1917 ta tabbatar da wannan rabo, kuma ƙa'idar lokacin ita ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, bisa hujjar tsoron zazzaɓin sauro. Ta haka Kano ta kasu: birni a hannun Sarki da En'e, Nassarawa da Bompai na Turawa, filin kantuna a gefen tasha, unguwar Kwara ('yan Labanan da Siriya) a Fagge ta Kudu, sai Sabon Gari.

Kantunan kamfanoni

Kamfanonin da suka kafa kanti a Kano sun haɗa da Niger Company, John Holt, Lagos Stores, London and Kano Trading Company, Paterson Zochonis da G.B. Ollivant, sai CFAO da SCOA na Faransa. A 1929 Niger Company ya haɗe da African and Eastern Trade Corporation aka sami UAC, wanda ya zama babbansu.

Kanti fuska biyu gare shi. Ta baya akwai sikeli da sito, inda ake sayen gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga, da ƙaro. Ta gaba kuma ana sayar da kayan da jirgi ya kawo daga Ikko: akoko, alawayyo, atamfa, gishiri, sukari, sabulu, ashana, kananzir, fitila, kwanukan sha, kwanon rufi da siminti. Daga baya keken hawa na Raleigh da keken ɗinki na Singer suka shigo, haka ma turaren Bint el Sudan da takalman Bata. Mazauna Nassarawa suna sayen abincin gwangwani, garin fulawa, man shanu na waje da magunguna, galibi bisa bashi a biya ƙarshen wata. Giya kuwa doka ta hana sayar da ita ga 'yan asalin Arewa, ba a samunta sai a kulob ɗin Turawa da wuraren da ke da lasisi a Sabon Gari.

Gyaɗa da attajiran birni

Turawa sun sa rai auduga ce za ta cika taragun jirgi, amma manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ana iya cinta idan shekara ta yi wuya. Daga kakar 1912 cinikinta ya bunƙasa. Sai dai ma'aikatan kamfani ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za a ba amana ba, don haka suka jingina da fataken goro masu jari da yara a ko'ina, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo. Kamfani yakan ba attajiri kuɗi da kaya tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa su shiga karkara da buhuna.

Alhassan Dantata (1877–1955), Ba'agale haifaffen Bebeji wanda ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja, shi ya yi fice a wannan harka, har ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma lokacin rasuwarsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jirgin ƙasa ya kasa kwashe amfanin da ake tarawa, buhuna suka yi ta taruwa, dalar gyaɗa ta zama alamar Kano. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda ke yanke farashi tana ba masu saye lasisi.

Kwara da mutanen Sabon Gari

Tsakanin manyan kamfanoni da masu kasa kaya akwai Kwara, wato 'yan Labanan da Siriya. Sukan sari yadi daga kamfanoni su sayar wa 'yan koli da teloli a kan ɗan ragi, suna zaune a saman shago ko bayansa, suna jin Hausa. Daga layukan shagunansu Kantin Kwari ta samo asali. Sun shiga sayen gyaɗa da sufurin manyan motoci, sun kuma buɗe gidajen silima: Rex a 1937, sannan Palace a cikin birni a 1952, wadda malamai da dama suka yi adawa da ita.

Sabon Gari ce ta riƙe sababbin sana'o'i. A can ake samun makanikai, kafintoci, masu ɗaukar hoto, masu gyaran agogo, gidajen burodi, maɗaba'u da ƙananan otal. Kasuwarta kuma nan kukun Bature ke zuwa cefane kowace safiya, don nama, ƙwai, dankali da kayan lambu.

Hidima a cikin Nassarawa

Kowane gidan Bature yana ɗaukar kuku, boyi, mai wanki da guga, mai kula da lambu, mai gadi da mai kiwon doki, suna kwana a ɗakunan bayan gida. Masu ciyawa da masu itace suna shigowa kullum, matan Fulani suna kawo madara. Da yamma dillalai kan shimfiɗa hajarsu a baranda: alabe da jakunkuna da matasan fata na dukawa, kayan tagulla, luru da tabarmi. Wannan ciniki ya sa wasu masu sana'ar birni suka fara yin kaya daidai da sha'awar baƙi. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 ma tana da sashen koyar da sana'ar hannu.

Sauran hidimomi na hukuma ne ko na manyan kamfanoni: gidan waya da tangaraho, asibitin Turawa wanda ya zama Asibitin Nassarawa, da bankunan Bank of British West Africa da Barclays. Kuɗin ƙarfe, wato sule, sisi, taro, kwabo da anini, suka kori wuri daga kasuwa. A farkon shekarun 1930 En'e ta Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta kawo ruwan famfo daga Challawa da wutar lantarki. Jiragen sama sun fara sauka Kano a 1925, kuma daga 1936 Imperial Airways ya fara zirga-zirga ta Khartoum, abin da ya ƙara buƙatar masauki da motocin haya.

Bayan mulkin mallaka

A shekarun 1950 jari ya fara karkata zuwa masana'antu a Bompai, musamman matsar man gyaɗa da haɗa turare da sabulu, manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis kuma suka sami masu saye cikin ma'aikata 'yan ƙasa. Bayan 1960, musamman da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, manyan ma'aikata da attajirai suka gaji gidajen Nassarawa. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun rage ƙarfin baƙi a cinikin sari da na kanti. Sannu a hankali ƙa'idar hana ciniki a unguwar ta saki, har manyan titunanta suka cika da bankuna, otal-otal, asibitoci, makarantu masu zaman kansu da shaguna.