Yadda Sukarin Madara Ya Tona Asirin Ƙwayoyin Cutar Hanji

Cikin ƙasa da shekara ashirin, likitoci suka zaƙulo manyan ƙwayoyin cutar hanji ɗaya bayan ɗaya. Karl Eberth ya hango ta taifot a 1880, Georg Gaffky ya raine ta a ɗakin gwaji a 1884, shekarar da Robert Koch ya tabbatar da ta kwalara a Kalkata. A 1885 Theodor Escherich, likitan yara a Jamus, ya bayyana wata da ke zaune lami lafiya a cikin jarirai, wadda yau ake kira E. coli. Kiyoshi Shiga na Japan ya kama mai haddasa atuni a 1897.

Sai dai tsugunne ba ta ƙare ba. In ka cire ta kwalara mai lanƙwasa kamar waƙafi, sauran duk kamarsu ɗaya a idon na'urar hangen ƙananan halittu. Bayan gidan kowa kuma maƙil yake da E. coli, don haka mai cutar sai ta saje cikin taro.

Alfred MacConkey ne ya warware ƙullin a Liverpool wajen 1900, yana wa hukumar binciken ruwan najasa aiki. Dabararsa ta cancanci jinjina: tunda kama ba ta raba su, abinci zai raba. Ya haɗa musu cima a faranti, ya sa gishirin madaciya don hana baƙin ƙwayoyi tsirowa, ya ƙara sukarin madara da wani rini mai sauya launi idan tsami ya taru. Kashegari E. coli, da yake tana cin sukarin, sai ta fito jaja-jaja. Ta taifot da ta atuni ba sa taɓa shi, sai su tsaya fari-fari, ma'aikaci ya tsince su ya zurfafa bincike. A 1963 masanan Japan suka bi wannan sawu da farantin TCBS, inda kwalara ke fitowa rawaya.

Abin damuwa shi ne, ɗakunan gwaji da dama a Najeriya har gobe gwajin Widal na 1896 suka fi riƙo da shi wajen taifot. Shi kuwa ba ƙwayar yake nema ba, martanin jini kawai yake aunawa, kuma tsohuwar cuta ko maleriya na iya ruɗa shi. Rainon ƙwayar yana buƙatar kwana biyu zuwa uku da wutar lantarki tsayayya, shi ya sa ake komawa ga Widal, majiyyata da yawa kuma suna shan maganin taifot alhali ba ita ke damunsu ba.